Idan Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

A ƙarƙashin kusan kowane tallan caca da ake liƙawa a bango ko ake cuso mana ta waya, akwai wani ɗan layi da aka rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, wanda sai mutum ya kanne ido kafin ya iya karanta shi. Abin da layin ke cewa shi ne wai kada wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga, wanda kuma ya shiga ya yi cacarsa da hankali. Wannan ɗan layi shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin a ganinmu, cikin duk maganganun da masu wannan sana'a suke yi babu wadda ta kai shi rainin wayo. Da shi suke wanke hannuwansu tas. Idan saurayi ya cinye kuɗin makarantarsa, ko magidanci ya jinginar da babur ɗin da yake ciyar da iyalinsa da shi, sai a nuna masa layin a ce ai an gargaɗe ka, kai ne ba ka yi hankali ba. Abin takaicin shi ne jama'ar gari ma, ba tare da sun sani ba, suna taya kamfanonin wannan waƙa, domin su ma ɓeran kaɗai suke gani, ba su ko shinshina daddawar.

Caca dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun zamanin kuɗin wuri Bahaushe ya san ta, ya kuma san ɗan caca da halinsa. Kafanchan kuwa gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun cikin shekarun 1920, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta nan ya nufi Kaduna, wani reshe kuma ya nufi Jos. Duk inda aka tara ma'aikata masu jiran albashin ƙarshen wata, to, ba a rasa 'yan karta a bayan tasha. Daga baya aka sami cacar ful, wadda ake cike takarda a kan wasannin ƙwallon Ingila, a zauna a jira sakamakon ranar Asabar. Ba yabon waccan caca muke yi ba, ita ma ta rusa gidaje. Amma tana da takunkumin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Tana da wuri, sai ka taka ka je. Tana da lokaci, dare zai yi a tashi, ko kuwa a jira mako ya zagayo. Tana da kunya, domin duk wanda ya gan ka kana fitowa daga wannan lungu ya san abin da ya kai ka, kuma kafin ka isa gida labari ya riga ka. Sannan ba ta wuce abin da ke aljihunka, in ya ƙare sai ka kakkaɓe riga ka tashi.

Wayar hannu ta zo ta kwance waɗannan takunkumai gaba ɗaya. Yau gidan cacar yana cikin aljihun yaro, yana kwana da shi a kan tabarma, yana shiga aji da shi, yana shiga masallaci ko coci da shi. Ba a rufe shi da dare, ba ya hutun Salla ko na Kirsimeti. Wanda ya ga saurayi ya duƙufa a kan waya ba zai iya cewa ko karatu yake yi, ko hira da budurwa, ko kuwa jarin uwarsa yake ƙonawa ba. Kuɗin ma sun daina zama takarda da mutum zai ji zafin rabuwa da ita, sun koma lambobi da ake turawa da ɗan yatsa daga asusun banki, ko a tsaya wurin mai POS a bakin kasuwa a ce ya zuba. In asusun ya bushe, ga manhajojin ba da bashi nan a cikin wayar dai, suna jira. Tun da NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja ya biyo baya a 2013, sannan irin su SportyBet da BetKing suka shigo, ba a ɗauki shekaru masu yawa ba kafin harkar ta bar manyan birane ta iso Zonkwa da Kwoi da Kagoro da Manchok.

To, bari mu ɗan yi lissafi, ko da yake mu mutanen adabi an san mu da gudun alƙaluma. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ne masu ƙarfi ɗaya za su kara, kuma dole ɗaya ta yi nasara. Audu ya sa Naira 100 a kan wannan, Bulus ya sa Naira 100 a kan waccan. Da adalci ake bi, wanda ya ci zai karɓi Naira 200. Amma kamfani sai ya ce Naira 190 zai biya. Goman nan da ta rage tasa ce, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi. Wato kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Sai dai yaranmu ba wasa ɗaya suke sa wa kuɗi ba. An koya musu su jera wasa goma ko ashirin a tikiti guda, domin Naira 100 ta haifi dubbai. Abin da ba a gaya musu ba shi ne rabon kamfani yana hawa ne a kan kowane wasa da aka ƙara. A tikiti mai wasa 10, wancan kashi 5 ya zama kusan kashi 40. A mai wasa 20 ya haura kashi 60. Ko da a ce mutum gwani ne da yake cin canki sau 6 a cikin 10, damar da yake da ita ta cin wasa goma a jere ba ta wuce sau 6 a cikin 1,000 ba. Shi ya sa kullum za ka ji ana kukan wasa ɗaya ne ya yanke tikiti. Wannan wasa ɗaya da ke yankewa ba tsautsayi ba ne, a kansa aka gina sana'ar.

Wannan ma cacar ƙwallo ke nan, wadda aƙalla sai an jira minti 90. Wadda ta fi ta sharri ita ce wadda ke ɓoye a bayanta cikin manhaja ɗaya: ƙwallon bogi da kwamfuta ke bugawa a gama cikin 'yan mintoci, da faifan lambobi mai juyawa, da kalo-kalo da ya baro otal ya shigo waya, da kuma wasan ɗan jirgin saman nan, Aviator, wanda ke tashi kuɗinka na ninkuwa har ya ɓace da su in ba ka cire da wuri ba. Faifan lambobi yana da gurbi 37, amma in ka ci ninki 35 ake ba ka. Masu wasan jirgin da kansu sun ce kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba ne ke komawa ga 'yan wasa. Kashi 3 kacal, in ji mai talla. Amma zagaye guda ba ya kai minti ɗaya. Wanda ya shiga da Naira 1,000 ya yi ta juya abin da ke hannunsa har sau 50, abin da lissafi ya ce zai rage masa, in an daidaita masu sa'a da marasa sa'a, bai kai Naira 220 ba, kuma duk wannan kafin shayin da ya saya ya huce. Muna tambaya, a wane gurbi ne hankali zai shiga cikin wannan? Wane irin hankali ne zai mayar da 35 ta zama 37?

Daɗin daɗawa, ba a bar abin ga lissafi kaɗai ba. An ɗauki ƙwararru sun nazarci zuciyar ɗan Adam, sun gano cewa wanda ya kusa ci ya fi wanda ya faɗi warwas saurin komawa, don haka na'urar take yawan nuna maka ka kusa. Sun gano cewa kyautar farko tana ɗaure mutum, sai suka ƙirƙiro garaɓasar maraba wadda ba ta ciruwa sai an yi caca da ita an sake yi. In ka yi kwana biyu ba ka leƙa ba, saƙo zai shigo maka kamar na masoyi. Zuba kuɗi dannawa ɗaya ne. Mutumin da ya haƙa rami a kan hanya, ya rufe shi da ciyawa, ya yayyafa hatsi a kai, sannan ya kafa ɗan allo can gefe yana cewa a yi tafiya da lura, ba ya da bakin cewa tsuntsun ne ya cika kwaɗayi.

Sai a dubi kuma a kan wace irin ƙasa wannan iri ya faɗo. Kudancin Kaduna ƙasar citta ce, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko da Jema'a, kuma a daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta ta bar manoma da yawa hannu rabbana, wasunsu da bashi a wuya. A wannan shekarar dai, ranar 29 ga Mayu, aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya yi tashin gwauron zabo. Tashar jirgin da ta haifi Kafanchan ta daɗe da zama kufai idan aka kwatanta da jiya. Ga kuma dubban matasa a Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke cikin gari, da makarantar koyon aikin jinya, waɗanda kowannensu ya san yayyensa da suka gama suna zaune a gida da takardu. Yaron da ya ga gona ta ci amanar ubansa, ya ga takarda ta ci amanar wansa, in aka nuna masa hoton wani da aka ce ya sa Naira 200 ya kwashi miliyoyi, ba sai ya zama lalatacce ba kafin ya gwada. Ɗalibin da ke karɓar Naira 20,000 a wata daga asusun bashin karatu da aka fara a 2024, ya san ba za ta kai shi ƙarshen wata ba, sai shaiɗan ya raɗa masa cewa ya ninka ta. Masu tallan sun san wannan sarai, shi ya sa ba su tallata caca a matsayin wasa, suna tallata ta ne a matsayin mafita.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu da zai yi wa wasu ɗaci. Garin nan ya sha wuya a kan bambancin addini, tun daga rikicin watan Maris na 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilmi, har zuwa na bayan zaɓen 2011 da ya raba unguwanni da kasuwanni. An yi taruka, an kafa kwamitoci, ana neman abin da zai haɗa matasan ɓangarorin biyu a inuwa ɗaya. Abin kunya, shagon caca ya riga kowa yin wannan aiki. A can ba a tambayar sunanka, Musa da Moses kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa suna kallon allo ɗaya, kuma aljihu ɗaya kuɗinsu ke tafiya.

Malamai da fastoci ba su yi shiru ba, kuma ba mu ce su yi shiru ba. Hukuncin caca a Musulunci a fili yake cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, inda aka haɗa ta da giya, kuma babu wata coci da muka sani a wannan yanki da ke sa mata albarka. Amma haɗa ta da giyar nan da aka yi yana da hikimar da masu wa'azi da yawa suke tsallakewa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa cacar da ta fi ƙarfin mai yin ta cikin jerin cututtuka tun 1980, a 2013 kuma suka ɗauke ta suka ajiye ta a babi ɗaya da shaye-shaye, domin sun ga hanya ɗaya suke bi a cikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a kundinta da ya fara aiki a 2022. Alamominta sanannu ne: mutum ya riƙa ƙara yawan abin da yake zubawa kafin ya ji daɗin da yake ji a da, ya yi ta alkawarin dainawa yana karyawa, in ya faɗi ya koma don ya fanshe, ya fara ƙarya ga iyalinsa, ya fara cin bashi ko taɓa abin da aka ba shi amana. Wanda ya kai wannan matsayi ya riga ya san haramun ne, ya fi mai wa'azin sanin sharrinta, domin shi ke kwana da ita. In aka tsaya a kan tsine masa a bainar jama'a, abin da za a samu shi ne ya ƙara ɓoyewa, ɓoyewa kuwa ita ce takin wannan cuta. Uban da ya ce wa ɗansa ɗan banza marar hankali, da kamfanin da ya ce a yi caca da hankali, magana ɗaya suke yi, kowa da muryarsa.

Wasu za su ce a yi yadda Hisba ta yi a Kano a 2024, a bi shaguna a garƙame. Muna fahimtar zafin zuciyar da ke sa a faɗi haka. Sai dai Kaduna ba Kano ba ce, tsarin shari'ar da aka shimfiɗa a nan tun 2001 ya bar kowane ɓangare da kotunansa. Ko da ma an garƙame kowane shago daga Kafanchan har Saminaka, wa zai garƙame waya? Kwaɗon da aka sa wa ƙofar shago ba ya hana yaro juya faifai a ƙarƙashin bargo.

Inda ya kamata a matsa shi ne wurin hukuma. Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa harkar caca ta gwamnatin tarayya ce, saboda dokar da aka yi a 2005 wadda ta kafa hukumar kula da ita ta ƙasa. Wannan mafaka ta rushe a watan Nuwamba na 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, ta ce majalisar tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan caca, ikonta ya tsaya a Abuja. Ma'ana, wuƙa da nama suna hannun majalisar dokokin Jihar Kaduna, wadda wakilan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba suke zaune a cikinta. Abin da muka fi ji daga jihar a kan wannan harka kuwa shi ne hukumar tara haraji ta rufe wasu shaguna saboda ba su yi rajista ba ko ba su biya abin da ake bin su ba. Wato in sun biya, shi ke nan, a buɗe musu su ci gaba. Hukumar da ake auna ƙwazonta da yawan kuɗin da ta tara, yaya za a yi ta so cinikin ya ragu? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ingilar da yaranmu suke caca a kan ƙwallonta ta riga ta ɗanɗana, ta fara ja da baya. A 2018 aka kafa rajista guda, GamStop, wadda mutum zai sa sunansa sau ɗaya a toshe shi daga dukkan kamfanonin intanet masu lasisi. A 2019 aka rage mafi yawan abin da za a iya zubawa a na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2 a kowane zagaye. A 2020 aka hana yin caca da katin bashi. A 2023 ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallonsu suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025/26. Italiya ta hana tallan caca tun 2018. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara da hankalin ɗan wasa, duka hannun kamfani suka ɗaure. Mu kuwa da muke da lambar BVN da ta NIN a kan kowane asusu, me zai hana a ce duk kamfanin da ke son lasisin Kaduna sai ya tabbatar da shekarun mai shiga da su, ya sa wa kowane asusu iyakar abin da zai iya zubawa a wata, ya kuma mutunta rajista guda ta waɗanda suka ce a toshe su? Me zai hana a hana kafa shago a ƙofar makaranta, a kuma ware wani kaso na harajin da ake karɓa don jinyar waɗanda harkar ta kayar? Gargaɗin nan ma da suke taƙama da shi, a tilasta musu su rubuta shi da Hausa, da manyan baƙaƙe, tare da rabon da kamfani ke ɗauka a kowane tikiti.

Kafin majalisa ta farka, akwai wanda wannan takarda za ta faɗa hannunsa alhali yana cikin ramin, wataƙila ma a cikin ɗalibanmu. Gare shi muke cewa, kuɗin da suka tafi sun tafi, kuma komawa don a fanshe su ita ce ƙofar da ta fi kowace cin mutane. Ya nemi mutum ɗaya da ya amince da shi, wa ne ko malami ko aboki, ya gaya masa gaskiyar adadin, ba rabinsa ba. Ya miƙa masa katin banki da ikon asusun na wani lokaci, ya riƙa karɓar na abinci da na mota a hannu. Ya rubuta wa kowane kamfani ya nemi a rufe asusunsa kafin ya goge manhajar, domin gogewa kaɗai minti biyu ke mayar da ita. Ya zauna ya jera basussukansa a takarda, ya je wa masu su da kansa, kada ya ci sabon bashi don biyan tsoho. In abin ya kai ga rashin barci, ko baƙin ciki mai nauyi, ko tunanin hallaka kai, to, wannan aikin likita ne a ranar, ba gobe ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana nan, asibitocin koyarwa na Jos da na Shika suna da sashen wannan aiki, kuma zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba makanta ba ne. Iyaye kuma su sani, biyan bashin yaro a ɓoye don gudun abin kunya, ba tare da an karɓe asusun daga hannunsa ba, sabon jari ne aka ba shi.

Sai dai Barnawa tafiyar sa'o'i ce daga Kafanchan, kuma wanda caca ta tatse ba shi da kuɗin mota. A Amurka tun 1957 waɗanda abin ya shafa suka kafa ƙungiyar taimakon juna, suna haɗuwa mako-mako ba tare da an bayyana sunan kowa ba, kuma babu abin da take buƙata sai ɗaki da kujeru da riƙon sirri. Ɗakuna ba su ƙare ba a masallatan Kafanchan da cocinta, haka ma ofisoshin kula da ɗalibai a Gidan Waya da harabar jami'a. Asibitin tunawa da Patrick Yakowa, wanda aka amince a 2025 a mayar da shi cibiyar lafiya ta tarayya, shi ne wurin da ya dace a fara ware rana ɗaya a mako, da ma'aikaci ɗaya da aka horar, domin masu wannan lalura, kuma a aika wa kamfanonin da takardar kuɗin.